Harafi da Lambarsa: Saiwoyin Rubutun Sinawa da Makomar Baƙaƙen Hausa Cikin Na'ura

Gabatarwa



Abin da na ɗauko in yi magana a kansa yau shi ne tarihin yadda ake bai wa harafi lamba domin na'ura ta gane shi. Kwamfuta da wayar hannu ba su san alif ba, balle abin da ke biye da shi. Lamba kaɗai suka sani. Kowane harafi mutum ya gani a fuskar waya, akwai wata lamba da ke tsaye a bayansa, wadda masu ƙera na'ura suka yi ittifaƙi a kanta. Harafin da bai sami lamba ba, ko kuwa ya samu amma masu shi ba su aiki da ita, to ya kama hanyar ficewa daga rubutun zamani. Zan bi ta ƙasar Sin, domin Sinawa ne suka fi kowa shan wahalar wannan al'amari, sa'an nan in komo gida mu duba matsayin baƙaƙenmu na boko da na ajami.

Tsohon Ilmin Ramzi

Bai wa harafi lamba tsohon ilmi ne a ƙasar Hausa. Malamanmu na dā, idan sun kammala waƙa ko littafi, sukan ɓoye shekarar cikin wata kalma a ƙarshe, wato ramzi. Kowane baƙi yana da adadinsa bisa hisabin abajada: alif 1, ba 2, jim 3, har zuwa 1000. Marigayi Dokta Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Jihar Kano, ya buga bincike a 1967 a kan ƙa'idar ramzi kamar yadda masanin lissafi da taurari, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, ya bayyana ta. Shi wannan malami na Katsina a Alƙahira ya rasu cikin 1741.

Akwai wani abu cikin wannan ilmi da ya kamata mu riƙe tun daga nan. Jadawalin abajada iri biyu ne, na Magrib wanda muke bi a nan, da na Gabas, kuma sun saɓa wa juna a haruffa shida. A wurinmu shinun 1000 ne, a Gabas kuwa 300. Alal misali, idan aka haɗa shinun da ra da ya da ha, watau شريح, malamin Kano zai ƙirga 1218, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, daidai da 1804. Malamin Bagadaza kuwa, da jadawalinsa, 518 zai samu. Kalma ɗaya, rubutu ɗaya, amma ratar shekara 700. Ashe ke nan lamba ba ta da amfani sai mai rubutu da mai karatu suna riƙe da jadawali guda.

Saiwoyin Rubutun Sinawa

Rubutun Sinanci ba shi da abajada. Kowane harafi gaɓa ce mai ma'ana, kuma haruffan dubbai ne. To yaya za a jera su cikin ƙamus har mai nema ya samu? Dabarar da suka yi ita ce lura da cewa yawancin haruffan haɗaɗɗu ne, kuma akwai waɗansu ɓangarori da ke maimaituwa a cikinsu. Sai suka kasa haruffa sashe-sashe, kowane sashe ƙarƙashin ɓangaren da suka yi tarayya a kansa. Su Sinawa suna kiran wannan ɓangare shugaban sashe, kamar dai mai unguwa da mutanen unguwarsa. A wannan lacca zan kira shi saiwa.

Wajen shekara ta 100 Miladiyya wani malami, Shu Shen, ya tsara ƙamus mai haruffa 9,353 ƙarƙashin saiwoyi 540. A 1615 wani malamin, Mei Yingzuo, ya rage su zuwa 214. Wannan adadi shi aka bi cikin babban ƙamus ɗin da Sarkin Sin Kangshi ya sa aka wallafa, wanda aka kammala a 1716, zamanin da Muhammadu Sharefa ke sarautar Kano. Ƙamus ɗin ya ƙunshi haruffa fiye da 47,000, kuma saboda shahararsa har yau ana kiran saiwoyin nan 214 da sunan Kangshi. An jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ta farko jan alƙalami ɗaya ce tak, 一, ta ƙarshe kuwa ja 17 ce, tana nufin wata irin sarewa.

Mu ɗauki saiwa ta 85, wato 水, ma'anarta ruwa. Idan ta shiga gefen hagu na wani harafi sai ta tsuke ta koma 氵. Da ita aka rubuta 河 kogi, da 海 teku, da 洗 wanki. Mai neman kogi cikin ƙamus zai buɗe sashen ruwa, sa'an nan ya ƙirga jan alƙalamin da ya rage, biyar, ya nufi inda masu ja biyar suke. Saboda haka saiwa tana da fuska biyu. Wani lokaci kalma ce mai zaman kanta cikin jimla, wani lokaci kuwa sunan sashe ce cikin ƙamus. Wannan fuska biyu ita ce za ta haifi matsala idan an zo ga na'ura.

Daga Tangaraho Zuwa Kwamfuta

A 1871 wani kamfanin ƙasar Danmak ya kai wayar tangaraho Shanghai. Tsarin tangaraho an yi shi ne domin haruffan Turawa 26, ba shi da hanyar aika dubban haruffa. A 1872 wani Bafaranshe, Viguier, ya fito da littafin da ya bai wa haruffa wajen 6,800 lamba mai alƙaluma huɗu-huɗu, an jera su bisa saiwoyin Kangshi. Ma'aikacin gidan waya zai juya harafi zuwa lamba ya aika, na can ya buɗe littafi ya mai da lamba harafi. Ramzi ke nan, sai dai a kan waya.

Da kwamfuta ta zo, Amurka ta tsayar da nata jadawali a 1963, mai suna ASCII, gurbi 128 kacal, daidai buƙatar Ingilishi. Ƙasashen Gabas ba su jira kowa ba. Japan ta fito da nata ma'auni a 1978. Sin ta fito da nata a 1980, mai haruffa 6,763, inda aka jera 3,755 da aka fi amfani da su bisa furuci, sauran 3,008 bisa saiwa. Taiwan da Koriya su ma kowa da nasa. Sai aka koma gidan jiya, irin saɓanin Magrib da Gabas: takardar da aka buga a Tokiyo, idan aka buɗe ta a Beijin, sai ta fito shirme.

Domin kashe wannan rikici aka kafa ƙungiyar Unicode a Kalifoniya cikin 1991, da nufin yin jadawali ɗaya na dukkan rubuce-rubucen duniya, kowane harafi da lambarsa, ba ya tarayya da kowa a kanta. A 1992 aka shigar da haruffa 20,902 na Sin da Japan da Koriya, aka haɗe waɗanda suke abu ɗaya ne, aka jera su bisa saiwa da ƙirgen ja, kan tafarkin ƙamus ɗin 1716. Akwai kwamiti na wakilan waɗannan ƙasashe da Biyetnam da ke zama a kai a kai yana gabatar da ƙarin haruffa, har adadinsu ya haura 90,000.

Tagwayen Haruffa

A bugu na uku na Unicode, cikin 1999, aka ware wa saiwoyin nan 214 wani sashe nasu na kansu, daga lamba 12,032 zuwa 12,245, tare da wani sashe mai ɗauke da siffofi 115 na saiwoyin da suka tsuke ko aka sauƙaƙa. Alhali kuwa kowace saiwa daga cikin 214 ɗin ta riga ta sami lamba a matsayinta na kalma. Dalili shi ne, ma'aunin Taiwan ya riga ya ba su gurabu na dabam, kuma ƙa'idar Unicode ita ce duk abin da wani ma'aunin ƙasa ya bambanta, kada ya ɓace wajen juyawa. Haka kuma masu tsara ƙamus suna son hanyar nuna cewa sunan sashe suke nufi.

Sakamakon haka shi ne, ruwa a matsayin kalma lambarsa 27,700, ruwa a matsayin saiwa lambarsa 12,116. Ido ba ya rarrabe su, amma a wurin na'ura ba su haɗa komai ba. An sha samun takardun da, idan aka kwafo rubutu daga cikinsu, sai saiwa ta fito a gurbin kalma. Mai karatu ya karanta lafiya lau, amma in ya sa na'ura ta nemo masa kalmar ruwa, sai ta ce babu. Maganin da aka yi shi ne, an rubuta a jikin kowace saiwa wace kalma ce tagwaininta, domin na'ura ta iya mai da ita can, an kuma shar'anta cewa kada a yi rubutun yau da kullum da saiwoyi. A wannan bugu kuma aka ƙara alamomi 12 na bayyana ginin harafi. Da su za a iya cewa kogi shi ne 氵 a hagu, 可 a dama, ta yadda ko harafin da bai sami lamba ba tukuna ana iya siffanta shi.

Darussa biyu ke cikin wannan tarihi. Na farko, kama da wane ba ta wane. Kamannin da ido ke gani ba hujja ba ce a wurin na'ura. Na biyu, waɗanda suka zo zaman shawara da nasu ma'auni a hannu, ko abin da ya maimaitu an ba shi gurbi. Da waɗannan darussa za mu auna namu hali.

Baƙaƙen Boko Masu Ƙugiya

Rubutun boko ya sami gindin zama a Kano bayan Hans Vischer, wato Ɗanhausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, ya kuma fito da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Tun daga farko matsalar ita ce sautukan da Ingilishi ba shi da su. Waɗansu marubuta suka riƙa ɗiga ɗigo ƙarƙashin b da d da k, waɗansu suka riƙa rataya ƙaramar alama kusa da harafin. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin da Dokta R. M. East ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939, ta taimaka wajen yaɗa rubutun boko ko'ina. Saura sauti na huɗu, wanda Nijeriya ke rubutawa 'y, Jamhuriyar Nijar kuwa ƴ.

Ƙugiyar nan ita ke raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari, sako da saƙo. Sunan marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, wanda ya kafa kamfanin jiragen sama na Kabo Air, da Ɗ yake farawa. Kabo da k take, maƙwabciyarta Ƙaraye da ƙ. Amma tafiretar ofis ba ta da ƙugiya, sai dai akawu ya bi da biro yana lanƙwasawa, kuma jadawalin ASCII bai san da zamanta ba.

Cikin shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffa na kwamfuta masu ɗauke da ƙugiya, waɗanda suka yi wa marubuta da maɗaba'u babbar hidima a lokacin da babu wata mafita. Dabarar irin wannan zubi ita ce aron gurbi: a ɗauki lambar wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zana harafin Hausa a kanta. Muddin zubin na cikin kwamfuta, rubutu zai fito daidai. Da zarar an kai takardar inda babu shi, sai lamba ta koma ga mai ita, a ga }asa maimakon ƙasa, wa]anda maimakon waɗanda. Kundayen digiri da littattafai masu yawa na wancan zamani suna cikin wannan hali, na'ura ba ta iya binciko kalma a cikinsu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, baƙaƙen nan suna da lambobinsu na halal tun bugun farko na Unicode a 1991. Ƙ 408 ce, ƙ 409. Ɓ 385, Ɗ 394, Ƴ 435, ƴ 436. Amma ƙananan ɓ da ɗ an raba su da manyansu, an kai su sashen alamomin masu nazarin furuci, lamba 595 da 599, domin can aka fara sanin su. Saboda haka aka sami zubin haruffa masu ɗauke da wani su rasa wani, sai ka ga akwati fanko a tsakiyar kalma. Bugu da ƙari, idan na'ura ta jera sunaye bisa lamba zalla, z 122 ce, don haka duk mai suna da ƙugiya sai ya koma ƙarshen layi, alhali cikin Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ɓ na biye da b ne, ɗ na biye da d. Daɗa ga batun kuɗi. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar haruffa 160, amma da an sa ƙ guda ɗaya sai ya koma 70, domin jadawalin saƙon waya na Turai ne. Wannan na cikin abin da ya koya wa matasa yar da ƙugiya.

Mu ma muna da namu tagwayen. Alamar da ke cikin 'ya'ya, ko cikin sunan mazaɓar Jama'a ta ƙasar Gwarzo, tana iya zama lamba 39, ko 8,217, ko 700, gwargwadon na'urar da aka buga da ita. Biyun farko alamomin rubutu ne, ta ukun ce aka yi a matsayin harafi. Rajistar makaranta ko ta asibiti da akawu uku suka cika tana iya ɗauke da Jama'a iri uku, kuma in an sa na'ura ta ƙirga, kashi ɗaya za ta kawo. Ita ce dai matsalar ruwa mai lamba biyu.

Ajami da Rubutun Allo

A tsangayun Gwarzo da Getso da Kabo da Garo, almajiri yana fara babbaƙu da farfaru ne bisa ruwayar Warshu da hannun Magrib. A wannan hannu fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama, kuma a ƙarshen kalma akan bar su, su da nun, babu ɗigo. Da wannan hannu aka rubuta ajamin Hausa, wanda ya bunƙasa ƙwarai a ƙarni na 19 ta hanyar waƙoƙin jama'ar Shehu, irin su Nana Asma'u. Larabcin da aka fara shigarwa cikin Unicode kuwa ya fi karkata ga buƙatun Gabas, da Farisa da Urdu.

Sunayen garuruwan nan biyu sun isa misali. Getso na buƙatar yamala, ɗigon nan na ƙasa mai ba da wasalin e, kuma wannan bai sami lamba ba sai 2005. Tana kuma buƙatar ڟ mai ɗigo uku domin sautin tsa, wanda shi ya yi sa'ar shiga tun da wuri. Fa da ƙaf da nun irin na allo, masu yar da ɗigo a ƙarshen kalma, sai 2016 suka sami nasu lambobi, 2,235 zuwa 2,237. Gwarzo kuwa, ga marubutan da ke bambanta gwa da ga ta hanyar ɗora ɗigo uku kan gainun, harafinta na farko sai a 2020 ya shiga, lamba 2,243, tare da ƙaf mai ɗigo uku ta rubuta ƙwa da ƙya. Ke nan shekara 29 bayan kafa jadawalin, kuma shekara 21 bayan saiwoyin Sinawa sun sami lamba ta biyu. A 2017 ƙungiyar SIL ta fito da zubin haruffa mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano, kuma kyauta ake samunsa.

Jinkirin nan yana da sababi. Unicode ba ta zagayawa neman haruffa. Sai wani ya rubuta takardar roƙo, ya haɗa da hotunan littattafan da harafin ya fito a ciki, kwamiti ya duba. Ƙasashen Gabas suna da hukumomin da wannan ne aikinsu. Mu kuwa, tun daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955, zuwa taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, ƙoƙarinmu a kan daidaita boko ya tsaya. Ajami bai sami tsayayyar ƙa'ida guda ba, kowane malami da yadda ya gada, shi ya sa tara hujja a kansa ya yi wuya.

Kammalawa

Jama'a, yau lambobin suna nan, na boko da yawancin na ajami, kuma wayoyin zamani suna da allon rubutun Hausa mai ƙugiya. Abin da ya rage aikinmu ne, kuma ina ganin kashi huɗu ne. Na ɗaya, malaman Hausa a makarantun Gwarzo da Kabo su koya wa yara buga ƙugiya a waya da kwamfuta kamar yadda suke koya musu ita a kan allo, su kuma ci gyaran wanda ya yar da ita. Na biyu, sakatariyar ƙananan hukumomi da kotuna da asibitoci su tsayar da hanya ɗaya ta rubuta sunayen mutane da garuruwa. Na uku, jami'o'i su juyar da kundayen da aka buga da aron gurbi zuwa lambobin halal, aikin da na'ura ke iya yi cikin ɗan lokaci in an nuna mata wace alama ke wakiltar wane harafi. Na huɗu, a bi gidajen malamai da tsangayu, da izinin masu su, a ɗauki hoton takardun ajami, a lissafta kowane baƙi da wasali da ke ciki, domin in akwai wanda bai sami lamba ba a nema masa da hujja.

Malaman ramzi sun san cewa in shinun ya tashi daga 1000 ya koma 300, tarihi ya ɓaci. Sinawa sun ɗauki tsarin ƙamus ɗin 1716 sun shigar da shi cikin na'ura bai yi ciwon kai ba, domin sun tsaya a kansa da hukuma da kwamiti da haƙuri. Baƙaƙenmu na musamman ba su kai ashirin ba, boko da ajami a haɗe. In suka salwanta a hannunmu, ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi.